Zaurancen Gabashin Landan: Me Ya Haɗa Tuffa da Matakala?

A fitowar da ta gabata, da muke magana a kan zaurance, na ambata a taƙaice cewa talakawan birnin Landan ma suna da irin nasu, wanda aka gina a kan amsa-amo. Wannan jimla guda ta jawo wasiƙu fiye da duk sauran abin da na rubuta, saboda haka na zaɓo huɗu daga ciki domin filinmu na wannan wata.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Na taɓa jin wani Bature a talabijin ya ce wa abokinsa ya hau “apples”, alhali matakala yake nufi, na kuwa duba ƙamus ban ga inda tuffa ta zama matakala ba. Shin wannan ne abin da ka ambata? Yaya ake ƙulla shi, kuma su wane ne suka fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shi ne, kuma ƙamus na yau da kullum ba zai fisshe ka ba, domin babu wata dangantaka ta ma'ana tsakanin tuffa da matakala. Dangantakar ta amo ce, amon kuma an ɓoye shi da gangan. Ga yadda ake yi: mai magana yana son ya ce “stairs”, wato matakala, sai ya nemo wasu kalmomi biyu da aka saba jin su tare, waɗanda ta ƙarshensu take amsa amon kalmar da yake nufi, ya ce “apples and pears”, sunayen 'ya'yan itatuwa biyu. Daga nan sai ya yar da kalmar ƙarshen, wadda ita kaɗai ce za ta tona asirin, ya bar “apples” tsurarta. Haka “loaf of bread”, wato curin burodi, ya tsaya a madadin “head”, har aka wayi gari uwa a Ingila tana ce wa ɗanta ya yi amfani da “loaf” ɗinsa, ma'ana ya yi hankali. Haka ƙugiyar mahauci, “butcher's hook”, ta maye gurbin “look”, mutum ya ce a ba shi ya yi “butcher's” idan yana son ya duba wani abu. Gashin kai kuwa “barnet” ne, daga “Barnet Fair”, wata tsohuwar kasuwar dawaki da ke ci a arewacin Landan, saboda sunanta yana amsa “hair”.

Bari in ƙaga maka misali da Hausa, nawa ne na kaina, ba wanda na taɓa ji a bakin kowa ba. A ce samarin wata unguwa suna son su kira mutum soko ba tare da ya gane ba, sai su ce masa “ƙosai da koko”, domin koko yana amsa soko, bayan kwana biyu kuma su gajarta su riƙa cewa wane ai ƙosai ne. Baƙon da ya ji haka zai yi ta neman abin da ya haɗa mutumin da wake da mai, ba zai samu ba har abada, domin mabuɗin yana cikin kalmar da ba a furta ba.

Wannan yanke rabin magana ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Dattijo yakan ce “kowa ya ci ladan kuturu” ya yi shiru, duk wanda ya tashi cikin Hausa kuma ya ƙarasa a zuciyarsa cewa dole ya yi masa aski. Wanda bai iya ƙarasawa ba ya nuna kansa baƙo ba tare da an tambaye shi daga ina yake ba. Bambancin shi ne, rabin karin maganar da aka bari yana ɗauke da hikima, mai basira ma yana iya hasashensa, amma rabin da mutumin Landan ya bari amo ne kawai, ba a gano shi da kaifin tunani, sai dai a ce ka zauna da mutanen ka ji. A ganina nan ne ƙarfin abin yake wajen raba ɗan gida da bare.

Mutanen da aka san su da wannan salo su ne ake kira Kokni, a rubutun Turanci Cockney, wato talakawa 'yan ƙwadago na gabashin Landan. Sunan kansa zagi ne tun asali, domin a Turancin ƙarni na 14 yana nufin “ƙwan zakara”, wato ƙwai maras kyan siffa, daga baya mutanen karkara suka riƙa jifan ɗan birni da shi a matsayin sangartacce wanda bai san wahala ba. Al'ada ta ce Kokni na gaskiya shi ne wanda aka haifa a inda ake iya jiyo ƙararrawar cocin St Mary-le-Bow da ke titin Cheapside a tsohon birnin. Bama-baman Jamus sun rusa cocin a 1941, ba a sake kaɗa ƙararrawar ba sai 1961, abin da ya sa masu barkwanci suke cewa shekara ashirin ba a haifi Kokni ko ɗaya ba.

Game da mafari kuwa, abin da ke rubuce ya ɗan saɓa wa abin da ake yawan faɗa. Jerin irin waɗannan kalmomi ya fara fitowa a bugu a 1857, sannan a 1859 wani mai buga littattafai, John Camden Hotten, ya fitar da ƙamus na kalmomin titi, inda ya ce salon ya ɓulla ne shekara goma sha biyu zuwa sha biyar kafin lokacin, wato cikin shekarun 1840. Ya jingina shi ga masu yawo suna rera waƙoƙi suna sayar da takardunsu, da masu shelar labaran kisan kai da na rataye masu laifi, ya kuma ambaci unguwar Seven Dials, wadda ba ma a gabashin birnin take ba. Masu tallan kayan lambu a amalanke, waɗanda yanzu ake cewa su suka ƙirƙiro shi, wani zaurancen daban aka san su da shi a wancan zamani, na juya kalma ta baya, wanda ya fi kama da namu na mayar da gida “dagi”. Daga can ne “boy” ya koma “yob”, kalmar da har yau Ingilishi ke kiran ɗan tasha da ita.

Za ka ji ana cewa ɓarayi ne suka ƙago shi domin su ɓatar da 'yan sanda, waɗanda aka kafa rundunarsu a Landan a 1829. Ba na musun cewa ɓarayi sun more shi, amma ban gamsu cewa wannan ne tushensa ba. 'Yan sandan kansu 'ya'yan talakawa ne, a titunan suke wuni, kuma asirin da aka buga a ƙamus aka kai kasuwa cikin shekara goma sha biyar bai cika asiri ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne, mutanen da bakinsu ne jarinsu, kamar yadda mai tallan magani a kasuwar ƙauye yake tara jama'a da zaƙin harshe kafin ya kwance jakarsa, suna buƙatar abin da zai sa a tsaya a saurare su a yi dariya. Duba yadda da yawa daga cikin kalmomin suke ɗauke da zolaya: matar aure ita ce “trouble and strife”, wato fitina da rigima, domin yana amsa “wife”, ɓarawo kuma ganyen shayi ne, “tea leaf”, saboda “thief”. Wanda ke gudun ɗan sanda ba shi da lokacin irin wannan ƙawa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga Kumasi nake rubuto maka. Na yi aiki da wani Bature ɗan Afirka ta Kudu wanda kowa ya gani sai ya ce masa “china”, mun ɗauka ƙasar Sin yake nufi, sai wani ya ce mana daga maganar mutanen Landan ne. In haka ne, ta yaya maganar unguwa ɗaya ta ƙetare teku har ta kai can?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya. Asalin maganar “china plate” ce, wato farantin tangaran, tana amsa “mate”, aboki. Ina kyautata zaton shi mutumin naku bai san da wani faranti ba, kalmar kawai ya gada a matsayin aboki, kuma wannan shi ne abin da yakan sami irin waɗannan kalmomi idan suka yi nisa da gida: ma'anar ta isa lafiya, amon ya faɗi a hanya. A Ingila kanta miliyoyin mutane suna kiran ƙarya “porkies” ba tare da sun tuna da “pork pies” da ke amsa “lies” ba, suna kuma cewa wane yana ta “rabbit” idan ya cika surutu, ba su san zomon ya fito ne daga “rabbit and pork”, mai amsa “talk”, ba.

Hanyoyin da abin ya bi ba ɓoyayyu ba ne. Gabashin Landan tashar jiragen ruwa ce, mafi girma a duniya a wani zamani, ma'aikatan jirgi da masu ƙaura kuma suna tafiya da bakinsu. Yaƙin duniya na farko da na biyu sun haɗa samarin Landan da na sauran sassan Birtaniya da na ƙasashen da ta mallaka a bariki ɗaya da rami ɗaya, inda babu abin kashe lokaci kamar zolaya. Gidajen wasa na talakawa sun ɗauki ɗan Kokni mai barkwanci suka zagaya da shi gari-gari, daga baya talabijin ya gaji aikin. A shekarun 1975 zuwa 1978 an nuna wani shirin 'yan sanda mai suna The Sweeney, sunan nan kuwa shi kansa misali ne, domin “Sweeney Todd”, wani wanzami mai kisan kai a tatsuniyoyin Landan, yana amsa “Flying Squad”, sashen 'yan sandan birnin da ke farautar 'yan fashi. Wanda ke zaune a ƙauyen arewacin Ingila, bai taɓa taka Landan ba, ya koyi kalmar yana kishingiɗe a ɗakinsa.

Sau da yawa ana cewa fursunonin da Birtaniya ta riƙa jibgewa a Ostireliya daga 1788 zuwa 1868 su suka kai salon can. Lissafin shekarun bai ba da wannan sosai ba, domin yawancin jigilar zuwa yankin Sydney ta ƙare a 1840, kafin salon ya yi ƙarfi a Landan. Na fi ba da ƙarfi ga masu ƙaura na ganin dama, musamman bayan gano zinariya a 1851. Ko ma ta wace hanya ya shiga, abin lura shi ne mutanen Ostireliya ba su tsaya ga kalmomin da aka kai musu ba, dabarar suka ɗauka suka zuba kayan ƙasarsu a ciki. Kifin nan mai cin mutane da ke yawo a gaɓar tekunsu, “shark”, suka kira shi “Noah”, daga jirgin Annabi Nuhu, “Noah's ark”. Maciji, “snake”, ya zama “Joe Blake”. Dubawa, wadda a Landan ƙugiyar mahauci ce, a wurinsu “Captain Cook” ce, sunan matuƙin jirgin Ingila da ya isa gaɓar gabashin ƙasar a 1770. Har kamfai suka raɗa wa sunan wani attajirin shirye-shiryen talabijin nasu, Reg Grundy, suna cewa “Reg Grundies” domin yana amsa “undies”. Daga nan abin ya ƙara gaba zuwa gidajen yarin yammacin Amurka, inda masu laifi suke kiransa yaren Ostireliya, ko da yake wani nazari da David Maurer da Sidney Baker suka buga a 1944 ya nuna cewa kaɗan ne ƙwarai daga kalmomin suka fito daga Ostireliya, sauran na Birtaniya ne ko kuma Amurkawan ne suka ƙera abinsu.

Akwai wani abu da ya fi duk wannan muhimmanci, wanda mai karanta kalmomin a takarda ba zai lura da shi ba. Amsa-amo a baki yake, ba a rubutu ba, saboda haka yana bin lafazin mai magana. “Pork” da “talk” suna amsa juna ne kawai a bakin wanda ba ya furta harafin r a ƙarshen gaɓa, kamar mutumin Landan ko na Sydney. Ba'amurke na yau da kullum, wanda ke murza r ɗinsa, ko ya san dabarar ba zai ji wani amo ba. Haka miyar tumatirin mutanen Ostireliya, “sauce”, da suke kira mataccen doki, “dead horse”. A birnin Glasgow na Sikotlan kuwa kurma shi ne “corned beef”, naman gwangwani, abin da ba shi da ma'ana a Landan, domin sai a bakin mutumin Glasgow ne kalmar “deaf” take fita “deef”. Mamaci a Landan “brown bread” ne, a Glasgow “pan breid” ne, saboda su “deid” suke cewa. In kuma ɗan Glasgow ya tambaye ka mene ne “Hampden”, labari yake nema, daga ihun 'yan kallo a filin ƙwallonsu na ƙasa, “Hampden roar”, mai amsa “score”.

Kwatanta da abin da zai faru da a ce Basakkwace ya ƙulla wani wasan amo a kan yadda yake cewa “hwari” da “hwata”, sannan ya kawo wa Bakano, wanda ke cewa fari da fata. Kalma ɗaya ce, amma kunnen da ba a raina a kan wannan furuci ba, zai ji ta a karkace. Saboda haka kowane gari da ya karɓi salon ya mayar da shi wani ma'auni na lafazinsa, kuma ɗan Glasgow da ke cewa “corned beef” yana sanar da kai, ko da gangan ko ba da gangan ba, cewa Turancinsa ba na Landan ba ne kuma bai nemi ya zama ba.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Shekara shida ke nan ina zaune a gabashin Landan, kusa da Whitechapel, kuma gaskiya ban taɓa jin wani ya kira matakala tuffa ba. Maƙwabtana yawanci 'yan asalin Bangladesh ne da Somaliya, samarin unguwa kuma wani Turanci daban suke yi. Anya abin nan bai mutu ba, sai a bakin masu yawon buɗe ido?

Amsa: Ina amsawa, ɗan'uwa, kuma kunnenka bai yaudare ka ba. Sai dai kafin a yi wa abin sallah, a tambayi ina masu shi suka koma. Tun tsakanin 1921 da 1935 hukumar Landan ta gina rukunin gidaje na Becontree a Dagenham, fiye da gida 25,000, ta kwashe iyalai daga cunkoson gabashin birnin zuwa can. Bayan ɓarnar yaƙi na biyu aka kafa sababbin garuruwa irin su Harlow da Basildon a yankin Essex. Tashoshin jiragen ruwan da suka ciyar da unguwannin suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa 1981, aikin ya gangara Tilbury, can ƙasa a bakin kogi. In kana son jin lafazin Kokni a bakin jikoki, Essex za ka nufa.

Unguwar da kake kuwa ba yau ta fara sauya masu ita ba. Ka je titin Brick Lane ka dubi babban masallacin nan. An gina shi a 1743 a matsayin cocin Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga ƙasarsu, ya koma hannun wata ɗariƙar Kirista ta Ingila, a ƙarshen ƙarni na 19 ya zama wurin ibadar Yahudawan da suka taso daga gabashin Turai, a 1976 kuma ya zama masallaci. Maganar Kokni da ake yi wa kallon ta gargajiya ita kanta ta sha daga bakin 'yan Ailan da Yahudawa. A ƙidayar 2021 kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna ƙaramar hukumar Tower Hamlets 'yan asalin Bangladesh ne. Turancin da kake ji a bakin samari shi ne wanda masana harshe irin su Jenny Cheshire da Paul Kerswill da Sue Fox suka yi nazari a kansa suka kira shi Turancin Landan mai al'adu da yawa, wanda ya ɗebo daga Jamaika da Afirka ta Yamma da kudancin Asiya da kuma Koknin kansa. Aikin da amsa-amo ya yi wa kakannin wasu, na gane ɗan unguwa daga buɗe bakinsa, shi wannan sabon Turanci yake yi wa samarin yau.

Game da masu yawon buɗe ido, akwai ƙamshin gaskiya a zarginka. A 2009 wani kamfani ya sa wasu na'urorin cirar kuɗi guda biyar a gabashin Landan suna tambayar mutum ko yana son Turanci ko Kokni, in ya zaɓi na biyu sai su nemi “Huckleberry Finn” ɗinsa, wato lambar sirri, kafin su ba shi “sausage and mash”, wato tsabar kuɗi. A 2012 gidan tarihin birnin Landan ya tambayi mutum 2,000, ya tarar da yawancinsu, har da mazauna birnin, ba su san ma'anar da yawa daga tsofaffin kalmomin ba. Maganar da aka fara ɗorawa a kan kofin shayi da rigunan tsaraba ta riga ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan ado.

Amma a lura da yadda darajarta ta juya. A 1909 wani rahoton hukumar Landan kan koyar da Turanci a makarantu ya bayyana maganar Kokni a matsayin gurɓataccen harshe maras asali, wanda bai dace da mazaunin babban birnin daular ba, kuma shekaru da yawa yaron da ke son aikin ofis sai ya kankare ta daga bakinsa. Yau 'ya'yan masu hali ne suke kwaikwayonta domin a ɗauke su wayayyun titi, har Ingilishi suka raɗa wa masu yin haka suna na ba'a, “mockney”. A 2023 majalisar Tower Hamlets ta amince da Kokni a matsayin ɗaya daga harsunan al'ummar yankin. Lokacin da mutanen suke cike da unguwar ba wanda ya ga dalilin kare maganarsu, sai da suka watse ta zama abin riƙo, domin wanda aka rushe layin da aka haife shi ba abin da ya rage masa na shaida sai bakinsa.

Dabarar kuma ba ta daina haihuwa ba, sai dai yanzu da sunayen mashahurai take aiki, kuma ba lalle a Landan ake ƙirƙirar ba. In al'amari ya lalace sai a ce ya tafi “Pete Tong”, sunan wani mai gabatar da kiɗa a rediyon BBC, domin yana amsa “wrong”. Mai jin yunwa “Hank Marvin” ne, sunan wani makaɗin jita, domin yana amsa “starving”. Wanda na fi so shi ne “Ruby”. Ruby Murray mawaƙiya ce 'yar Belfast wadda ta yi tashe a 1955, yawancin matasa ba su taɓa jin muryarta ba, amma sunanta ya rayu saboda yana amsa “curry”, abincin nan mai yaji da maƙwabtanka 'yan Bangladesh suka fi kowa sayarwa a Birtaniya. Mu ma mukan kira takardar naira ashirin Murtala, amma mu hoton da ke jikinta muka bi, su kuwa amo kaɗai suka bi, mawaƙiyar ba ta da wata alaƙa da tukunya.

Tambaya: Baba, ina wuni. Ni ɗaliba ce daga Maraɗi, na sami gurbin karatun digiri na farko a wata jami'a a Ingila. Shin ya kamata in haddace waɗannan kalmomi in riƙa amfani da su domin in saje da mutane?

Amsa: Lafiya lau, 'yata, Allah ya sa albarka a tafiyar. Ki koye su domin ki gane, kada ki koye su domin ki faɗa. Goma zuwa sha biyar da suka shiga maganar kowa sun ishe ki, kuma yawancinsu suna cikin amsoshin da ke sama. In kika shiga kanti kika jero “apples and pears” cikakkiya, za a gane daga littafi kika ɗauko, domin ɗan gida yakan yanke, za kuma a yi miki irin murmushin da mukan yi wa baƙon da ya haddace karin magana goma yana zuba su a gaisuwar safe. Akwai kuma haɗari na biyu: da yake an yar da rabin da ke nuna ma'ana, wasu kalmomin da suke kama da na wasa, irin su “berk” da ake ce wa wawa, asalinsu batsa ce mai nauyi wadda ba zan rubuta a wannan fili ba, kuma ba ki da hanyar ganewa daga jin kalmar.

Waɗanda za ki ci karo da su tabbas su ne na sakamakon jarrabawa. Ɗaliban Birtaniya suna kiran digiri mai daraja ta ɗaya “Geoff”, daga Geoff Hurst, ɗan wasan West Ham ta gabashin Landan wanda ya ci ƙwallo uku a wasan ƙarshe na cin kofin duniya a 1966, saboda sunansa yana amsa “first”. Daraja ta uku “Douglas” ce, daga Douglas Hurd, tsohon ministan harkokin wajen Birtaniya, mai amsa “third”. Daraja ta biyu mataki na ƙasa, wadda ake rubutawa 2:2, ita ce “Desmond”, domin in aka karanta lambobin da Turanci sai su fita kamar sunan marigayi Desmond Tutu, tsohon babban limamin cocin nan na Afirka ta Kudu. Mu dai a nan Geoff muke jira ki kawo mana.